Ƙwallo Ba Ta Tsufa Da Mutum

Mu yaran cikin ganuwa, daga Yakasai zuwa Mandawari, daga Dala zuwa Gwale, da wuya a sami wanda bai taɓa jera takalmansa biyu a lungu ya ce raga ce ba. Mun haddace lambar rigar 'yan wasan Real Madrid da Arsenal, muna musu a kansu a gidan kallo har murya ta dishe. Amma kaɗan ne cikinmu suka san Kano ta ɗauki kofin ƙasa tun kafin a haifi iyayenmu.

A 1953 aka yi haka. Lokacin sunan gasar Kofin Gwamna. An fara ta a 1945, kuma shekara takwas a jere ƙungiyoyin Legas ne kaɗai ke cinye ta. Sai 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe, suka zama na farko da suka fitar da kofin daga Legas. Bayan nan sai da aka shekara 66 kafin ya dawo gida, lokacin da Kano Pillars ta doke Niger Tornadoes a Kaduna a 2019.

Mu duba sunayen ƙungiyoyin da suka riga Kano ɗauka: Railways, Marine, UAC, PAN Bank. Duk sunayen wuraren aiki ne. Ɗan wasan wancan zamani ma'aikaci ne tukuna. Da safe yana bakin aikinsa a reluwe ko a kamfani, da la'asar ya fito fili. Gasar ƙwararru, wadda ƙwallo ita ce sana'ar mutum, ba ta fara a Nijeriya ba sai 1990, shekarar da aka kafa Pillars ɗin da muka sani yau.

Tauraron zamanin shi ne Teslim Balogun, wanda ake wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa. Yana cikin tawagar Nijeriya da ta je Ingila a 1949, yawancinsu suna wasa ba takalmi, kuma suka ci wasansu na farko 5 da 2. A 1955 ya koma Ingila, ya shiga Peterborough United, sannan ya buga wa Queens Park Rangers. Bai jira ƙafa ta gaza ba. Ya zauna ya koyi horar da 'yan wasa har ya sami takardar shaida, yana cikin masu horar da Nijeriya a gasar Olamfik ta 1968 a Meziko. Ya rasu a 1972, yau akwai filin wasa da sunansa a Surulere.

Mu kuwa, a kowane aji akwai kujerar da mai ita ya daina zuwa saboda atisaye. Wani dillali ya yi masa alƙawarin Turai, wani lokaci har iyaye su sayar da abin hannunsu. Gwiwa ɗaya ta goce, shi ke nan, ba ƙwallo, ba takardar WAEC, ba sana'a.

Ran da muka je kallon Sai Masu Gida a filin wasa na Sani Abacha, mu leƙa marinar Ƙofar Mata da ke kusa. Za mu ga dattijo mai furfura yana tsoma zane a baba, yana cin abincinsa da sana'ar da ya koya tun yana yaro. A cikin fili kuwa, ɗan shekara 35 tsoho ake ce masa. Irin su Rabi'u Ali da suka daɗe ana damawa da su, ba su da yawa.

Ba cewa muke a ajiye tamaula ba. Mu buga ta da gaske, wataƙila cikinmu akwai wanda zai sake kawo kofin gida. Amma mu bi tsarin 'yan 1953: safiya ta aji ce, la'asar ta fili.