Mako Ɗaya Ina Neman Ƙaramar Mota a Jos

Litinin

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tsohuwar motata ke cinye rabin albashina. Yau na fara neman ƙarama, irin masu guntun bayan nan da ƙofar but ɗinsu ke ɗagawa sama haɗe da gilashi. Dillali ya kawo Toyota Yaris ta 2007, shigowar Kwatano, inji 1.0 mai silinda uku. Jikinta fes, a titin Bauchi kuma ta tafi lami lafiya. Da na kunna esi na nufi hawan Tudun Wada, mu huɗu a ciki, sai ta yi nauyi kamar jakin da aka labta wa kaya. Na danna totur a giya ta uku, inji na gurnani, mota ba ta gaba. Dole na dawo ta biyu.

Talata

Na kai ta wurin bakanikena. Ya saurari injin ya ce, "Malam, ba ciwo gare ta ba, haka aka ƙera ta."

Da dare na zauna da alƙaluman, na ga gaskiyarsa. Dillalai ƙarfin doki suke faɗa, na wannan kusan 69. Amma abin da ke ɗaga mota daga tsaye ko a kan tudu shi ne ƙarfin murɗawa, kuma na wannan injin, 93 Nm, ba ya cika sai allura ta kai juyi 3,600 a minti. Mu kuwa a cikin gari tsakanin 1,500 da 2,500 muke yini. Ga Jos a kan tsauni, mita 1,200 da wani abu sama da teku, iska ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Esi ma ya yanki rabonsa. Me ya rage wa ƙafafu?

Laraba

Golf 4, inji 1.4, doki 75. Zamanta a titi akwai daɗi, kayan gyaranta kuma sun cika kasuwar Dilimi. Sai dai jikin ya fi ƙarfin injin. Ban kai minti ashirin ba na mayar.

Alhamis

Wadda na sa wa rai ke nan: Honda Jazz ta 2005, manuwal. Ana kiran injinta 1.4, alhali 1,339cc ne. Ƙarfin murɗawarsa, 119 Nm, yana cika tun a 2,800, wato daf da inda muke tuƙi. Amma daga Taminus zuwa Bukuru sai fizga take, in na taka ta yi jim kafin ta amsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na riga na faɗa wa uwargida mun samu.

Juma'a

Bakanike ya buɗe bonet ya yi murmushi. Wannan injin, i-DSI, fulogi takwas gare shi, biyu a kowace silinda, huɗu a gaba huɗu a baya. Na gaban sababbi ne. Na bayan, da ya kwance su, sun ci sun ƙone, ga alama wanda ya riƙa yi mata sabis bai taɓa sanin suna nan ba. Alhajin da ke da motar ya yarda a canza, aka wanke maƙogwaron totur da matatar iska.

Bayan an sauko daga masallaci na hau Tudun Wada, mutum huɗu, esi a kunne. A giya ta uku ta haye, ba gurnani, ba fizga. Ban san lokacin da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba.

Asabar

Na kai ta Hawan Kibo na juyo, da yayana da buhun dankali biyu. Tankin manta yana ƙarƙashin kujerun gaba, shi ya sa na bayan ke kwanciya shafe, buhunan suka shige ba matsi. A hawan ta nemi giya ta uku, wani wuri ta biyu, ban kuwa zarge ta ba. Aibinta ya fito a miƙaƙƙen titi: in allura ta yi sama numfashinta na ƙarewa, wuce tirela sai da lissafi. Cikinta kuma akwai ƙarar titi.

Yaya ya ce, "Ka ɗauki Toyota, ranar sayarwa ba ka kwana da ita." Gaskiya ne, shi ya sa ma kuɗin Yaris ɗin ya ɗara na Jazz. Amma ni hawa zan yi, ba sayarwa ba, kuma gidana a kan tudu yake. Da Yaris mai inji 1.3 ce da na sake tunani.

Lahadi

Na kira Alhaji na yi tayi, tare da cire kuɗin fulogi. Ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya ce in ba shi zuwa gobe. Takardun kwastan suna wurin yayana yana dubawa.