Tun Ran Gini, Ran Zane

A Gwarzo da Kabo, manyan gine-gine galibi na hukuma ne: sakatariyar ƙaramar hukuma, babban asibiti, Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo, da babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a Kabo. A irin waɗannan wurare aiki yana ta komawa kan kwamfuta, daga biyan albashi zuwa rajistar ɗalibai. Sai dai al'adar gini a ƙasar nan ba ta kamo wannan sauyi ba. Mai zane yana tunawa da bututun ruwa da wayarin lantarki, amma wayar sadarwa sai an gama yaɓe da fenti ake neman mai shimfiɗa ta.

Wanda aka kira a makare zaɓinsa biyu ne: ya fasa bangon da aka kashe wa kuɗi, ko ya bi da waya ta taga da saman silin, tana reto kamar igiyar shanya. Yawanci na biyun ake zaɓa, domin shi ne mai araha. Bayan shekara ɗaya ɓera ya yi nasa, ƙurar hunturu ta yi nata, ma'aikaci kuma ya ce wa mai jiran takarda: "Yallaɓai, a yi haƙuri, babu sabis."

Aikin yana da ƙa'ida, kuma ba sabuwa ba ce. A 1991 aka fitar da ma'aunin TIA-568 a Amurka, na duniya kuma, ISO/IEC 11801, ya biyo baya a 1995. Tsarin mai sauƙin fahimta ne. Kowane bene yana da ɗakin da wayoyi ke haɗuwa. Daga nan kowace kafar da ke bangon ofis tana da wayarta ita kaɗai, ba yanki ba ɗori. Tsawonta kada ya wuce mita 90, a bar mita 10 ga gajerun wayoyin da ke haɗa na'urori, jimla mita 100. Tsakanin bene da bene, ko gini da gini, zaren gilashi ake sawa, wanda ke ɗaukar saƙo da haske, ya yi nisa, kuma ba ya jawo tsawa daga wani gini zuwa wani. Wannan iyaka ta mita 90 ita ke nuna inda ɗakin wayoyi zai kasance, shi ya sa maganar ta mai zane ce tun kafin a haƙa fandisho.

Cikin kowace waya akwai silin tagulla takwas, an murɗe su biyu-biyu. Murɗar ba ado ba ce. Ita ke kare saƙo daga katsalandan ɗin lantarkin da ke kewaye, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista tun 1881. Idan ma'aikaci ya warware ta fiye da milimita 13 wajen ɗaura kai, ko ya lanƙwasa waya da ƙarfi a kusurwa, ko ya cusa ta bututu ɗaya da wayar wuta, saƙo zai riƙa ɓata ana sake aikawa. Fitilar na'ura tana ci, aiki kuwa yana jan ƙafa.

Babban haɗarin yana kasuwa. Akwai waya mai zuciyar alminiyum da aka shafa wa tagulla, an rubuta Cat6 a jikin kwalinta. Ido ba ya bambance ta sai an kankare sili. Tana karyewa da wuri, tana kuma ɗaukar zafi idan aka tura wuta ta cikinta zuwa kyamara ko tarhon ofis. Ɗan kwangilar da ya saka ta ya ci ribarsa ya tafi, ya bar wa wasu biyan bashin.

Waɗanda ke biyan kuwa ba su san da kwangilar ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, hukumar kuma ta sharɗanta wa cibiyoyi su haɗa kwamfutocinsu da waya. Yarinyar da ta yi sammako daga Getso ko Garo, ta zauna gaban allon da ya tsaya cik, ba ta da hanyar sanin cewa shekararta tana rataye da kan waya ɗaya da aka ɗaura da ganganci.

Ana alfahari da wayar MainOne da ta iso gaɓar Legas ta ƙarƙashin teku a 2010, da cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone da ke Kano. Duk da haka, saƙon da ya keto teku yana iya maƙalewa a mita 90 na ƙarshe.

Abin da shugaban ma'aikata zai nema kafin ya sa hannu a biya kuɗi abu uku ne: zanen da ke nuna hanyar kowace waya, lamba a bakinta biyu, da sakamakon gwajin kowace kafa a rubuce. Aikin da bango zai rufe amana ne, kuma ranar karɓarsa ce kaɗai ranar da ake iya bincikarsa ba tare da guduma ba.