Ina labarin wane?

Duk inda 'yan aji ɗaya suka haɗu bayan sun bar sakandare, hirarsu kashi biyu ce. Kashi na farko shi ne tuna baya: malamin lissafin da ba ya dariya, siniyan da ya addabi kowa da aike, daren da aka kama mu muna jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli bayan an kashe fitila. Kashi na biyu kuma tambayar gida: ya Baba, ya jikin Inna, wa ya yi aure, wa aka yi wa haihuwa. A wurare da yawa wannan kashi na biyun gaisuwa ce kawai, a yi ta a wuce. A wurinmu kuwa, mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, shi ne ainihin abin da ke tara mu.

Ƙannenmu da ke aji ɗaya ko biyu yanzu ƙila ba za su tuna dalili ba. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai sama da 300. Allah Ya taimaka aka sako su ranar 17 ga watan. Mu ba a makarantar muke ba, amma kusan kowa a ajinmu yana da ɗan uwa ko ɗan unguwa a cikin yaran. Bayan haka aka rufe makarantun kwana, mu ma muka ɗaure akwatunanmu muka tafi gida ba tare da mun yi sallama ta kirki ba, don a zatonmu hutun 'yan makonni ne. Ajin da muka haura mutum 50 bai sake cika a ɗaki ɗaya ba. Wasu suka koma makarantun jeka-ka-dawo na kusa da gida, wasu iyayensu suka mai da su Funtuwa ko Malumfashi ko Zariya, wasu kuma daga nan karatun ya tsaya.

Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga shekarar 2021. Gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da namu guda ukun. Lambobin da muka rubuta a bayan littattafanmu suka zama ba su da amfani. A lokacin ne muka koyi abin da kakanninmu suka sani tun da can, cewa zumunci a ƙafa yake. In kana son jin labarin aboki, sai ka je tasha ka ba direba takarda, ko ka tsare wani ɗan garinsu da ya zo sayen hatsi ka tambaye shi. A nan muka gane bambancin sanin mutum da sanin laƙabinsa. Wanda muka san sunan mahaifinsa da unguwarsu, mun same shi. Wanda ba mu san komai nasa ba sai sunan tsokanar da muka laƙaba masa a aji, har yau wasunsu muna cigiya.

Yanzu mun warwatsu. Akwai 'yan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, akwai na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai masu NCE. Akwai mai shagon gyaran waya, akwai mai kabu-kabu a Kaduna, akwai wanda ya gaji gonar mahaifinsa yana noma masara da waken suya. Washegarin kowace Sallah, waɗanda suka samu zuwa gida mukan haɗu a ƙofar gidan ɗayanmu, a shimfiɗa tabarmi, a dafa shayi. Bayan an sha dariyar gabzar makaranta da miyar da kana iya hango fuskarka a ciki, sai tsohon monitanmu ya fara bin sunaye kamar yadda yake yi da rajista a da. Duk sunan da ya kira, in mai shi ba ya nan, sai wanda ya san halin da yake ciki ya faɗa.

Abin da ke fitowa a wannan kiran suna ba ya fitowa a jarida. Wane ƙanwarsa ta yi aure, an kai ta Bakori. Wane an yi masa ƙani bayan shekara goma sha. Wane sun taso daga ƙauye gaba ɗaya, suna haya a Funtuwa, gonarsu ta shekara biyu ba a taɓa ta ba. Wane mahaifinsa ya rasu tun azumi. In aka zo kan irin wannan sai wuri ya yi tsit, a ɗaga hannu a yi addu'a, sannan a tsai da waɗanda za su je ta'aziyya da sunan aji.

A irin wannan zama ne muka ji labarin ɗaya daga cikin masu ƙoƙarin ajinmu. Ya ci JAMB, an ba shi gurbi, amma bai je rajista ba. Ashe an ɗauke yayansa a gona, gidan suka sayar da shanun noma da abin da ke rumbu kafin a karɓo shi. Shi kuwa kunya ta hana shi gaya wa kowa, sai cewa yake yi ya fasa ne. Maƙwabcinsu da ke cikinmu ne ya faɗi gaskiya. A ranar aka yi karo-karo, mai ɗari biyar, mai dubu, mai buhun masara da ya ce a jira shi zuwa kaka. Kuɗin bai kai ba, sai wani ya kai maganar wurin tsohon malaminmu, shi kuma ya kai ta wurin wani ɗan kasuwa. Wani daga cikinmu ya zauna da shi ya nuna masa yadda ake neman rancen karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024. Yau yana aji biyu a jami'a. Da a ce hirarmu ta tsaya a kan gabza da siniyoyi, da mun tashi muna dariya, shi kuma yana gida.

Sai dai labari a yankinmu yana da ƙa'ida. Kowa ya san 'yan bindiga ba sa aiki sai da masu kai musu rahoto. Saboda haka akwai abin da ba ma faɗa a bainar jama'a, ba ma rubutawa a Facebook ko WhatsApp: wane ya sayar da amfanin gona, wane ya zo gida da sabuwar mota, wane zai bi hanya kaza gobe. Haka nan abin da aboki ya gaya mana na talauci ko rashin lafiyar gidansu amana ce. Mukan kai shi kunnen wanda zai taimaka ne kawai. Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, to amma shi ma abokin kukan ba ya ɗaukar maganar ya kai kasuwa.

Ƙannenmu da ke sakandare, ga abin da muke so ku fara tun wannan zangon. Ku samu littafi guda, kowa ya rubuta cikakken sunansa, sunan mahaifinsa, garinsu da unguwarsu, da lambar wani babba a gidansu. A yi kwafi biyu ko uku, a ba masu riƙon amana, kada a bar shi a waya ɗaya da za ta iya faɗuwa ko a katse mata layi. Ku san ɗan ajinku da ba ya magana, ku san wanda ba a zuwar masa ranar ziyara. In kujerar wani ta yi mako babu kowa, ku tambayi dalili, ku gaya wa malamin aji. Mace ce ko namiji, yawancin masu barin makaranta a shiru suke fita, kuma makon farko ya fi sauƙin dawo da mutum a kan shekara guda.

Ranar da za ku rubuta takardar ƙarshe ta WAEC ko NECO, za ku ga kamar kullum kuna tare. Mu ma haka muka zata. Har yanzu akwai sunaye huɗu da in monita ya kira babu mai amsawa, kuma babu wanda ya san inda suke. Ba mu cire su daga littafin ba, duk Sallah sai an kira su. Allah Ya sa suna cikin ƙoshin lafiya, Ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya, Ya ba ku sa'ar jarrabawa.