Hanyar da soja ke bi, ita muke bi



Mu mutanen Fika rayuwarmu a kan hanya take. Ta nan muke kai gero da wake kasuwar Ngalda, ta nan muke kai dabbobi Potiskum ranar Laraba, ta nan muke garzayawa da mara lafiya Damaturu ko Gombe. Shi ya sa duk ranar da muka ji mota ta taka bam a wani wuri, gabanmu ke faɗuwa, ko da ba a yankinmu abin ya faru ba.

Ba mu manta shekarun wuya ba. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka katse layukan waya. Babura kuwa tun kafin nan an hana hawansu. A shingen bincike sai mu sauka daga mota, mu ɗaga hannu, mu taka da ƙafa, tsoho da mai goyo duk ɗaya. Mun yi gunaguni, kuma ba duk gunagunin ne na banza ba, domin akwai wulaƙancin da bai kamata ba. Amma akwai abin da ba mu gane ba a lokacin: yaƙin nan, rabinsa a kan hanya ake yinsa.

Sojan da ke Buni Yadi sai ya ci, sai ya sha, motarsa sai da mai, bindigarsa sai da harsashi, wanda ya ji rauni sai an fito da shi. Galibin wannan ta titi yake zuwa. Wanda ya datse titin ya raunana sansanin ba tare da ya tunkare shi ba. Abin da Boko Haram suka nufa ke nan da suka karya gadar Katarko a 2014. Hanyar Damaturu zuwa Biu ta daɗe ba ta biyuwa, masu zuwa Biu suka koma zagayowa ta Potiskum da Gombe. Mun ga motocinsu suna wucewa ta gabanmu, tafiyar 'yan awoyi ta zama ta yini guda. A watan Nuwamban shekarar kuma maharan suka shiga kamfanin siminti na Ashaka, nan kusa da mu, suka kwashi nakiyar fasa dutse. Daga baya aka tsaurara sayar da takin yuriya saboda ana haɗa bam da shi, manomanmu suka ji a jika.

Maganin bam ɗin da aka binne ba ya zuwa da sauri. Sojoji ne ke sauka da sassafe, suna tafiya taku-taku da na'urar gano ƙarfe, motar sulke na biye da su, sai sun tabbatar sannan a buɗe hanya. Jiran da ke ƙona mana rai, wani ɗan uwanmu ne yake can gaba yana taka ƙasar da bai san abin da ke cikinta ba. Kuma binne abu ya fi sauƙi a inda kwalta ta fashe, don haka cike ramukan titi ma aikin tsaro ne.

Bam ɗin da aka dasa wa soja bai san kaki ba. A ƙarshen Oktoban 2023, a Gurokayeya ta ƙaramar hukumar Gaidam, mutanen da ke dawowa daga jana'izar waɗanda aka kashe musu suka taka nakiya, kimanin 20 suka rasu. A Afrilun 2025 motar fasinja ta taka wani a hanyar Damboa zuwa Maiduguri, mutum 8 suka rasu. Mutane ne irinmu, masu zuwa kasuwa da gaisuwar mutuwa.

Alhamdu lillahi, yau hankali ya kwanta a Fika, tun 2022 aka dawo mana da babura. Sai dai in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na'ura tana gano ƙarfe, amma direban da ke bin hanya kullum shi ke gane ramin da jiya babu shi. Makiyayi da mai zuwa itace su ke fara ganin sabuwar ƙasa da aka tona, ko waya da ta leƙo daga gefen kwalbati, ko baƙin da suka kwana a ƙarƙashin gada.

Roƙonmu ga juna kaɗan ne. Abin da ba mu gane ba kada mu taɓa shi, kada mu jefe shi da dutse. Mu ja da baya ta inda muka zo, mu sanar da mai unguwa ko jami'an tsaro. Mu ja kunnen yaranmu masu tsintar ƙarafa, kuɗin kilo ɗaya bai kai hannu ɗaya ba. In ayarin sojoji ya wuce, kada mu ɗauki hoto mu sa a Facebook ko WhatsApp, ba mu san wa ke karantawa ba.

Su ma hukumomi muna da magana da su. Wanda ya kawo rahoto a rufa masa asiri, kada a mayar da shi abin zargi. In mutum ya faɗi abin da ya gani ya kwana a tsare, gobe maƙwabcinsa zai gani ya kau da kai, kuma motar da za ta taka abin tana iya zama tamu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan waɗannan hanyoyi, farar hula da masu kaki. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Amin.