Bakunan Baba

Sai da aka yi sadakar arba'in muka buɗe ɗakin da ke bayan rumbu, wanda duk tasowarmu a Fassi ba mai shigarsa sai Baba. Bakuna bakwai muka tarar a rataye, da kwari biyar na fata, da kibau fiye da ɗari, wasu a kwari, wasu a naɗe cikin tsohuwar tabarma. A lungu kuma ga wata 'yar tukunya an liƙe bakinta da laka. Inna ta ce kada wanda ya kuskura ya taɓa ta.

Mu shida Baba ya bari, babu maharbi ko ɗaya. Yaya direba ne tsakanin Rano da Kano, biyu suna koyarwa, Auta yana sayar da kayan waya. Takardunmu duk sun ce mu 'yan ƙaramar hukumar Kibiya ne, amma a cikinmu ba wanda zai ɗaura tsirkiya ba ta tsinka masa mari ba.

Malamin da ya raba mana gado bai sha wuyar gona da awaki ba. Da ya zo kan bakuna sai ya ce a yi musu kuɗi. To nawa ne kuɗin baka? Amsa ta zo da ƙafarta, domin kafin mako ya zagayo wani dillalin kayan gargajiya ya iso daga birni, ya taya duka a dunƙule. Ya ce masu otal da baƙi 'yan yawon buɗe ido suna son irinsu a jikin bango. Ba za mu ɓoye ba, ranmu ya biya. Rufin ɗakin Inna yana yoyo, kuma damina ba ta jiran kowa.

Inna ce ta ce a fara kiran Kawu, aminin Baba, abokin farautarsa tun suna samari. Ya zauna a tabarma ya zazzage kibau yana ware su ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mana kyauron da ake yin jikin kibiya da shi, da kunnuwan da maƙeri ke fitar wa kan ƙarfen don kada ta zaru idan ta shiga. Masu baƙin abu daskare kamar ƙaro a bayan tsini ya tara su gefe guda, guda talatin da huɗu.

"Wannan dafin kwankwani ne," in ji shi. "Kada ku ga ya bushe ku ce ya mutu. Ko ƙwarzane ya yi wa yaro, sai dai wani ikon Allah."

Abin da ya ɗaure mana kai, su dillalin ya fi so, har ya ƙara kuɗi a kansu. Wasu samari ma da ba mu san su da farauta ba sun yi sallama bayan isha'i suna tambaya. Washegari muka bi Kawu bayan gari, ya haƙa rami ya ƙone su, ya fasa tukunyar a ciki, aka binne. Yaya ya yi shiru har muka dawo gida; shi ya san kuɗin bandir ɗin kwano.

Sauran sun zo da sauƙi. Kawu ya kai magana wurin Sarkin Baka, aka kira mutum uku da Baba ya koya wa harbi, kowa ya ɗauki baka da kwari, suka biya abin da suka iya, aka zuba a gado. Biyu muka sayar wa dillalin ba kibiya ko ɗaya. Ɗaya Inna ta riƙe a cikin tumuninta.

Na bakwai ne ya raba mana kai. Baƙi ne wuluk don shan mai da hannu, kuma a gidanmu ana cewa na kakan Baba ne, tun zamanin da Ningawa ke kawo hari kudancin Kano a ƙarni na 19, mutane suna noma da kwari a kafaɗa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ya bar yaƙi ya koma daji. Malaman cikinmu suka ce a kai shi Gidan Makama, inda 'yan makaranta za su gan shi. Kawu ya ce bakan da ba a shafa masa mai, ba a jansa, itace ne kawai. Yaya kuwa cewa ya yi abin da ya kwana ɗari a gida ba a hannunsa zai fita ba.

Har yau ba mu yanke ba. An dai yi wa rabin ɗakin Inna kwano. Da rani ɗaya daga cikin mutum ukun nan ya kawo mata zabi biyu na daji, ta karɓa ba ta ce komai ba, ta shige ɗaki. Bakan kuma yana nan a rataye, sai dai duk Juma'a bayan masallaci ɗan Yaya mai shekara goma sha biyu yakan sauke shi ya kai wa Kawu. Bai iya jansa ba tukuna, man kawai yake shafawa.