Wi-Fi ɗinka makulli biyu gare shi, ɗaya kawai ka sani

1/ Duk mai rauta ko MiFi a ɗaki, zo mu zauna. Idan aka ce "tsaron Wi-Fi" yawancinmu tunaninmu kar maƙwabci ya shanye mana data ne. Wallahi data ita ce ƙaramar asara a ciki. Zare 🧵

2/ Tun Disamba 2020 NCC ta ce a haɗa kowane layin waya da NIN. Layin da ke cikin rautarka ma haka yake. Idan wani ya hau Wi-Fi ɗinka ya damfari mutum, ranar da aka bi sawu layinka za a fara gani, ba fuskarsa ba.

3/ A gidan hayarmu na bayan makaranta mu shida ke karo-karon data, amma layin da sunana aka yi masa rajista. Shi ya sa ba na wasa da saitin. Abokaina suna ce min "injiniya" don tsokana, ni ko a jikina.

4/ Makulli na farko shi ne fasuwod ɗin da kake ba mutane su hau. Na biyu shi ne na shafin sarrafa na'urar. Buɗe burauza ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a MiFi na Huawei kuma 192.168.8.1. Idan bai buɗe ba, duba takardar da ke manne a jikin na'urar.

5/ A na'urori da yawa suna "admin", fasuwod ma "admin". Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin zai iya shiga nan ya canja komai, har ya kore ka. A MiFi kuma shafin yana nuna saƙonnin tes na layin. Idan layin bankinka ka saka a ciki, lambar OTP tana gabansa kenan.

6/ Kar ka ce wa zai damu da ƴar rautata. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da rautoci da jerin fasuwod na kamfani kusan 60 kacal. Da su aka kai wa kamfanin Dyn hari a watan Oktoba, Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin mutane a Amurka.

7/ To, fara canja na admin. Daga nan ka nemi wurin da ake zaɓar nau'in tsaro. WEP tun 2001 masana suka fasa shi, kar ma ka kalle shi. WPA2 ya zo a 2004, WPA3 a 2018. Zaɓi WPA3 in akwai, in babu ko tsohuwar waya ta ƙi hawa, WPA2 mai AES.

8/ Fasuwod na WPA2 yana ɗaukar haruffa 8 zuwa 63. Me ya sa za ka tsaya a takwas? Lambar wayarka, sunan budurwa, shekarar haihuwa, duk ɗan ajinku ya san su. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, ka cusa lamba a tsakani.

9/ Kashe WPS. A 2011 wani ɗalibi, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambarsa mai alƙaluma 8 rabi-rabi na'urar ke duba ta, don haka gwaji 11,000 ya isa a gano ta. Da an samu lambar, dogon fasuwod ɗinka ya tashi a banza.

10/ Ɓoye sunan Wi-Fi ba tsaro ba ne, manhajar kyauta ma tana tono shi. Abin da ya fi amfani shi ne sabunta manhajar rautar idan kamfanin ya fitar da sabuwa. Ko WPA2 sai da aka gano masa ɓaraka mai suna KRACK a 2017, da sabuntawa aka toshe ta.

11/ Yanzu ga ainihin matsalarmu: kunya. Aboki ya zo karatu ya ce "ba ni fasuwod mana", ta ina za ka fara cewa a'a? Kuma tun daga Android 10 waya tana nuna fasuwod a matsayin lambar QR. Ka ba mutum ɗaya, kafin sati layinku duka ya samu.

12/ Ni ban ga laifin bayarwa ba, ɗalibi da ɗalibi sai taimako. Amma in rautarka tana da sashen baƙi, kunna shi da fasuwod na daban. Baƙo zai yi lilonsa, kuma idan ka saita shi daidai ba zai kai ga shafin admin ba. Ka yi kara, ka kuma tsare sunanka.

13/ Mu dokarmu ita ce duk farkon zango a canja fasuwod, kuma lokaci-lokaci ina duba jerin na'urorin da suka hau. Mu shida ne, kowa na san wayarsa da laftof ɗinsa. Na ga baƙuwar waya, a ranar za a canja.

14/ Da ka canja, Wi-Fi zai yanke, kar ka tsorata, sake hawa da sabon. In komai ya rikice, danne maɓallin reset na ƴan daƙiƙu, saitin kamfani zai dawo, sai ka fara daga farko.

15/ Aikin minti goma ne, yi shi yau da dare. Wanda ya maƙale ya faɗi samfurin rautarsa a ƙasa mu duba tare. Samfurin kawai fa, ban da fasuwod 😂