Giyar Motata Tana Gardama

Tsohuwar Peugeot 504 ce ke kai ni azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan Gaya. Yanzu giyarta tana gardama.

Ga gwaji mai sauƙi. Kashe inji, ka sa giya. In duk sun shiga, amma da inji kunne suka ƙi, laifin kuloci ne. Fara duba mansa, wannan da araha. Tawa kuwa giya ta biyu kaɗai ke ƙara, wato ciwon na cikin akwatin giya.

Makaniki ya ce ko a buɗe, ko in sayo tsohon akwati a Kamba. Wa ya san cikinsa? Ga shi kuɗin takin damina zan taɓa. Na ce a buɗe.